Tallar hayar mota kan fam 119 a wata: gaskiya ce ko damfara?

Maman Nabila:
Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da nake son in yanke shawara a kansa kafin ranar Juma'a. Kamar yadda wasunku suka sani, aikina shi ne kula da tsofaffi a gidajensu a kewayen Manchesta a nan Birtaniya, kuma a rana ɗaya nakan shiga gida bakwai ko takwas. Tsohuwar motata ta gaji, domin a makon jiya ta ƙi tashi a ƙofar gidan wata dattijuwa da ƙarfe bakwai na safe, alhali akwai mutum uku da ke jiran in je in ba su magani. A cikin wannan hali ne na ga talla a Facebook cewa ana ba da hayar sabuwar ƙaramar mota mai amfani da lantarki kan fam 119 a wata, na tsawon shekara biyu. Na yi magana da mai tallar ta WhatsApp, ya amsa mini cikin ladabi, ya turo mini hoton motar da lambar rajistar kamfaninsu, ya ce ba sa binciken tarihin bashin mutum, kuma motoci biyu kacal suka rage. Abin da ya nema shi ne in tura fam 600 ta banki a matsayin kafin alƙalami domin a ajiye mini ɗaya. Ina buƙatar motar ƙwarai, amma hankalina bai kwanta ba.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki tura ko kwabo. Na fi shekara ashirin ina tuƙa tasi a ƙasar nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki sabuwar mota ta sama da fam dubu ashirin ya miƙa wa baƙo kan kuɗin da bai kai cefanen mako biyu ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki goge lambar mutumin nan ki huta.

Abdulhakim:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa domin zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Ban ce Anti ta tura kuɗin ba, amma arahar farashi ita kaɗai ba hujja ba ce ta damfara, kuma idan muka ɗauki wannan ma'auni za mu hana mutanenmu cin moriyar abin da yake halal kuma na gaskiya. A irin wannan haya ba kuɗin motar ake biya ba. Kamfanin da ya mallaki motar yana lissafa nawa ya saye ta, da nawa yake sa ran sayar da ita bayan shekara biyu, sannan ya raba gibin da ke tsakani a kan watanni, ya ɗora ribarsa. Idan ya sayi motar da rangwame mai yawa daga masu ƙera ta, dole kuɗin wata ya sauko.

Kuma akwai dalilin da ya sa masu ƙera motoci ke yin irin wannan rangwame a kan motocin lantarki musamman. Tun daga shekarar 2024 dokar Birtaniya ta wajabta wa kowane babban kamfanin mota cewa wani kaso na sababbin motocin da yake sayarwa ya kasance marasa hayaƙi: kashi 22 cikin ɗari a 2024, kashi 28 a 2025, har ya kai kashi 80 a 2030. Wanda ya gaza yana fuskantar tara a kan kowace mota, wadda aka fara sa ta a fam 15,000 kafin a rage ta zuwa 12,000 a watan Afrilun 2025. Kamfanin da ke tsoron wannan tara ya gwammace ya zubar da motocinsa ga kamfanonin haya da araha, maimakon ya karya farashinsu a fili a ɗakin baje koli. Ni kaina motar da nake hawa ta wannan hanyar na same ta, kuma wata goma sha huɗu ke nan ban ga abin ƙi ba.

Alhaji Garba:
Na ji bayaninka, Abdulhakim, kuma na ƙaru da shi, domin ban san da wannan doka dalla-dalla ba. Amma ka faɗa mini gaskiya: lokacin da ka karɓi taka motar, ta WhatsApp aka ce ka tura kuɗi, kuma an ce maka ba a binciken bashi?

Abdulhakim:
A'a, Baba. Sai da suka binciki tarihin bashina, suka nemi adireshin duk inda na zauna a shekara uku da suka wuce, da takardar albashi. Wannan ɓangaren kam ba ni da ja a kansa.

Injiniya Bashir:
Ina ganin akwai tambayoyi biyu da muke cakuɗawa, kuma ya kamata a raba su. Ta farko ita ce ko farashin yana da araha kamar yadda ake gani. Ta biyu ita ce ko mutumin da ke magana da ke shi ne wanda ya ce shi ne. Zan ɗauki ta farko, tunda lissafi ne. Maman Nabila, don Allah ki koma kan tallar, ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ki kawo mana abu huɗu: nawa ne biyan farko, mil nawa aka yarda ki yi a shekara da kuma tarar kowane mil da ya haura, akwai kuɗin dillali ko babu, sannan farashin ya haɗa da harajin VAT ko bai haɗa ba. Ki kuma gaya mana mil nawa kike yi a mako a wurin aiki, ba da ƙiyasi ba, ki duba takardar da kike cikewa ta kuɗin mai.

Maman Nabila:
Na duba, Injiniya, sai da na buɗe hoton sosai kafin rubutun ya karantu. An rubuta 12+23, wanda ban fahimci ma'anarsa ba tun farko. An rubuta mil 5,000 a shekara, da kwabo 10 a kan kowane mil da ya wuce haka. Akwai kuɗin takardu fam 300, kuma a can ƙarshe an sa alamar cewa za a ƙara VAT a kan kuɗin wata da kuɗin takardun. Game da tafiyata, takardun wata uku da suka wuce sun nuna ina yin kusan mil 250 a mako.

Injiniya Bashir:
Madalla, yanzu muna da abin aunawa. Ma'anar 12+23 ita ce a watan farko za ki biya kuɗin wata goma sha biyu a dunƙule, wato fam 1,428, sannan ki biya fam 119 sau ashirin da uku, wato fam 2,737. Jimilla fam 4,165 ke nan. Ki lura da kyau cewa wannan biyan farko ba ajiya ba ce da za a mayar miki a ƙarshe, kuɗin haya ne da aka tara a gaba domin kuɗin wata ya yi ƙanƙanta a idon mai karanta talla. Mutanenmu da yawa suna kuskure a nan, suna zaton irin kuɗin ajiyar gidan haya ne.

Sai batun haraji. Farashin da ba a haɗa da VAT ba na 'yan kasuwa ne masu rajistar haraji, waɗanda ke iya karɓo wani ɓangare nasa daga baya. Ke a matsayinki na ma'aikaciya za ki biya shi cikakke, kashi 20 cikin ɗari. Saboda haka fam 4,165 ya koma 4,998, kuɗin takardu kuma ya koma 360, jimilla 5,358. Idan aka raba wannan a kan wata 24, ya kama kusan fam 223 a wata, ba 119 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mil. Idan kina yin 250 a mako, kuma muka cire makonni huɗu na hutu, kina yin mil 12,000 a shekara, ban da kai yara makaranta da zuwa kasuwa da ziyarar 'yan'uwa. Kin haura ƙa'ida da mil 7,000 a shekara, wato 14,000 a shekara biyu, wanda a kwabo goma-goma ya kama fam 1,400 da za a miƙo miki takardarsa a rana ɗaya bayan kin mayar da mota. Idan aka haɗa, ainihin kuɗin ya kai fam 6,758, kusan 282 a wata, kuma ba mu sa inshora ba, ba mu sa caji ba. A wannan adadin farashin ba abin al'ajabi ba ne, irinsa ne ake gani a kasuwa. Wato ko da tallar ta gaskiya ce, ba arahar da kika gani ba ce.

Baban Sadiq:
Ina so in ƙara wani abu a kan lissafin Injiniya, wanda ba ya fitowa a talla sam, kuma ni na ɗanɗana shi. Ranar da wa'adin motata ya cika, wani ma'aikaci ya zo ƙofar gidana da ƙaramar kwamfuta a hannu da wani ɗan ma'auni na roba. Ya zagaya motar a hankali kusan minti arba'in, yana durƙusawa a gaban kowace taya, yana karkata kai ya kalli bodin ta gefe domin haske ya nuna masa lotsewa. Ya samu rim biyu da na goga a gefen titi, da wani karce a murfin but inda muke ɗora keken yara, da shatin kujerar jariri a kujerar baya. Ni a idona motar tsaf take, domin har wanki na musamman na kai ta. Bayan mako biyu takardar caji ta iso, kuma kuɗin ya fi hayar wata biyu.

Ba zalunci aka yi mini ba, ni ne ban karanta ƙa'idar ba. Ƙungiyar kamfanonin hayar motoci ta Birtaniya, wato BVRLA, tana da littafin da ya fayyace abin da ake ɗauka a matsayin tsufa na al'ada da abin da ake ɗauka ɓarna. Misali, karcen da bai wuce milimita 25 ba ana yafe shi matuƙar bai kai ga ƙarfe ba, kuma zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1.6 da doka ta sa ba. Maman Nabila, ke da kike fakin sau takwas a rana a ƙananan layukan unguwa inda motoci ke gogar juna, ki sa wannan a lissafinki.

Hajiya Rabi:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni tambaya ta biyu ce ta hana ni sukuni tun da na karanta saƙon farko, kuma ina roƙon ƙanwata ta saurare ni da kyau. Abubuwa uku da kika ambata da bakinki sun fi farashin tayar mini da hankali.

Kamfanin da zai ba ki dukiyar fam dubu ashirin ki tafi da ita shekara biyu ba zai taɓa yin haka ba tare da binciken tarihin bashinki ba, domin ba shi da wata hanyar sanin ko za ki iya biya. Kalmar nan ta ba ma bincike an yi ta ne musamman domin irinmu, waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, ba su da dogon tarihi a bankunan ƙasar, kuma suna tsoron a ƙi su. Sannan tsarin biyan ya juye. A hayar gaskiya, sai an amince da ke, kin sa hannu a yarjejeniya da kamfanin da ya mallaki motar, kuma yawanci sai an kawo motar ƙofar gidanki kafin a cire biyan farko kai tsaye daga asusunki. Dillali yana iya karɓar kuɗin takardunsa kafin nan, amma bayan amincewa, kuma da rasit. Na uku shi ne gaggawar da ake cusa miki, wai saura biyu, wai kafin Juma'a.

Lambar rajistar da ya turo miki kuma kada ta ruɗe ki. Hukumar FCA, mai sa ido a kan harkokin kuɗi, ta daɗe tana gargaɗi a kan 'yan damfarar da ke ɗaukar sunan kamfani na gaskiya da lambar rajistarsa da tambarinsa, sai su canza lambar waya da adireshin imel kawai. Idan kika bincika lambar za ki ga kamfanin yana nan, hankalinki ya kwanta, alhali ba da shi kike magana ba. Abin da za ki yi shi ne ki shiga rajistar FCA da kanki a intanet, ba ta wata mahaɗa da ya turo miki ba, ki ɗauki lambar wayar da ke rubuce a can, ki kira, ki tambaye su ko sun san wannan mutumin da wannan tallar. Ki duba ko sunansu yana cikin jerin mambobin BVRLA. Ki duba Companies House, wato ofishin rajistar kamfanoni na gwamnati, kyauta ne, ki ga yaushe aka kafa kamfanin, ko da yake rajista a can ba shaidar amana ba ce. Kuma ki nemi ya turo miki bayanan asusun, ki shigar da su a manhajar bankinki ba tare da kin tura komai ba, ki ga sunan da bankin zai tabbatar.

Malam Usman:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Wata 'yar'uwa ta tambaye ni a gefe ko irin wannan haya ta halatta, sai na ga ya fi kyau in amsa a nan. Asalin ijara, wato haya, halal ce, matuƙar an san abin da aka hayar, an san wa'adi, an san kuɗin haya. Ta bambanta da tsarin da muka saba gani a gida na masu Adaidaita Sahu, inda direba ke biya kaɗan-kaɗan har ya mallaki keken. A nan motar ba za ta zama taki ba, takardar mallaka tana hannun kamfani daga farko har ƙarshe. Abin da shari'a ta ƙi shi ne garari, wato shiga ciniki a cikin duhu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari. Saboda haka neman cikakkiyar yarjejeniya a rubuce kafin biyan komai ba rashin yarda da mutane ba ne, haƙƙinki ne.

Alhaji Garba:
Tunda an shiga bayani, bari in kawo abin da na gani da idona a kan yaranmu da suka zo aikin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan. 'Yata, wane lasisi ne a hannunki? Lasisin Najeriya wata goma sha biyu kawai yake aiki daga ranar da mutum ya zama mazaunin ƙasar nan, kuma ba a musanya shi da na nan, sai an ci jarrabawa. Sannan motar haya dole a yi mata cikakkiyar inshora, kuma ke taki dole ta haɗa da amfani da mota wajen aiki, tunda kina zirga-zirga tsakanin gidajen mutane. Ki nemi farashin inshorar wannan motar takamaimai kafin komai, domin na ga wanda inshorarsa ta fi kuɗin hayar. Ki kuma duba inda za ki yi caji, domin idan gidan bene kike ba ki da wurin fakin naki, cajin kan titi ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, amma dole a yi ta. Bizarki tana rataye ne da kamfanin da ya ɗauke ki aiki. Idan aka soke lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga ƙasashen waje, kamar yadda ya faru da kamfanoni da dama, kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya bar ƙasar. Yarjejeniyar haya ba ta san wannan ba. Mai son fita kafin wa'adi yawanci ana neman kusan rabin kuɗin watannin da suka rage a wurinsa. Motar da kika saya da kuɗinki, ko tsohuwa ce, kina iya sayar da ita a mako ɗaya.

Maman Nabila:
Baba Alhaji, alhamdu lillahi na ci jarrabawar tuƙi tun bara, lasisin nan ne a hannuna. Amma maganar biza da ta caji ban yi tunaninsu ba ko kaɗan, kuma a hawa na biyu nake zaune.

Yaya Rabi, na yi duk abin da kika ce a lokacin hutun rana, ina zaune a cikin mota. Kamfanin yana cikin rajistar FCA, amma lambar wayar da ke can ta ofis ce, ba ta yi kama da wadda ake yi mini magana da ita ba, kuma adireshin intanet ɗin ya bambanta da harafi biyu. Na kira, wata mata ta ɗauka, ta ce ba su da ma'aikaci mai wannan suna, ba sa karɓar kuɗi ta WhatsApp, kuma ba ni ce ta farko da ta kira a kan wannan tallar ba. Da na shigar da bayanan asusun a manhajar banki, sai ta nuna sunan bai dace da na kamfanin ba, kuma asusun na mutum ne, ba na kasuwanci ba. Na tambayi mutumin dalili, sai ya ce asusun akawunsu ne, ya ƙara da cewa zai rage mini zuwa fam 400 idan na tura kafin ƙarfe biyar. Ban sake amsa masa ba. Hannuna har rawa yake yi, domin kuɗin nan na ajiye su ne don kuɗin makarantar ƙannena a gida.

Abdulhakim:
Anti, Allah ya kiyaye gaba, kuma Baba Alhaji, hasashenka ya tabbata a kan wannan mutumin. Abin da na lura da shi shi ne sun kwafi talla ta gaskiya ce har da ƙananan sharuɗɗanta, shi ya sa lissafin Injiniya ya fito daidai da farashin kasuwa. Da sun sa fam 50 da kowa ya gane. Anti, kafin ki toshe shi, ki ɗauki hoton dukan hirar da tallar da bayanan asusun, ki kai ƙarar tallar ga Facebook, ki kuma tura wa kamfanin da aka yi amfani da sunansa.

Maman Walid:
Ina ta karantawa tun safe ban yi magana ba saboda kunya. Ƙanin maigidana ya tura fam 450 ga masu irin wannan talla wata biyu da suka wuce, aka ce za a kawo mota ranar Litinin, daga nan lambar ta daina shiga. Bai gaya wa kowa ba sai ni, kuma ya riga ya haƙura. Shin akwai abin da zai iya yi yanzu, ko lokaci ya ƙure?

Hajiya Rabi:
Lokaci bai ƙure ba, Maman Walid, kuma ki gaya masa babu abin kunya a ciki. Tun daga ranar 7 ga Oktoba 2024 an wajabta wa bankunan ƙasar nan su mayar wa mutanen da aka yaudara suka tura kuɗi da hannunsu zuwa wani asusu na cikin ƙasar, har zuwa fam 85,000, matuƙar an kai ƙara cikin wata goma sha uku daga ranar biya. Banki yana iya cire har fam 100 daga ciki, kuma yana iya ƙi idan ya nuna mutum ya yi sakaci mai tsanani, amma wannan ba dalili ba ne na ƙin gwadawa. Ya kira 159, lambar da ke haɗa mutum kai tsaye da bankinsa, ko lambar da ke bayan katinsa, ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, ya kuma tanadi hotunan hirar da shaidar tura kuɗin. Idan bai gamsu da amsar bankin ba, yana da damar kai ƙara ofishin mai sasanta rigingimun kuɗi, kuma kyauta ne. Idan yana jin nauyin yin magana shi kaɗai, ki turo mini saƙo a gefe, zan zauna tare da ku a waya gobe bayan la'asar.

Injiniya Bashir:
Maman Nabila, matsalarki ta asali tana nan, wato motar zuwa aiki. Idan har yanzu kina son haya, ki nemi farashi daga dillalai biyu ko uku da kika tabbatar da su da kanki, a kan mil 14,000 a shekara, da VAT a ciki, da biyan farko na wata uku maimakon goma sha biyu, sannan ki kawo mana adadin mu kwatanta shi da kuɗin sayen mota mai shekara biyar ko shida.

Alhaji Garba:
Kafin nan, 'yata, ki bari a duba tsohuwar. Yadda kika kwatanta ƙin tashinta da sanyin safiya, ina zargin batir ne ko abin da ke cajinsa, kuma wannan ba gyara mai tsada ba ne. Akwai bakaniken da ke duba mini tasi, zan zo da shi ranar Asabar da ƙarfe goma idan ba ki da aiki.

Maman Nabila:
Ba ni da aiki sai ƙarfe biyu, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan turo maka adireshin a gefe, kuma Injiniya, zan kawo farashin da na samu ranar Litinin in sha Allahu.